Dashen na'urar ji: ta yaya likita ke gane wayar ta zauna daidai a wurin da ido ba ya gani?

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan, yaro kurma a cinyar uwarsa a asibiti, an manna masa wani ɗan abu a bayan kunne, likita ya danna kwamfuta, uwar ta kira sunansa sai ka ga ya zabura ya fashe da kuka, kowa a ɗakin ya kama share hawaye. Daga nan mutane suka ɗauka da an yi tiyata an kunna na'ura magana ta ƙare. Sai kuma ka ji ɗaya labarin, wanda ba a cika yi wa bidiyo ba: an sayar da fili an haɗa miliyoyi an kai yaro waje, shekara ta zagayo ko kalmar baba yaron bai iya cewa ba, ko kuma babba ne da ya kurmance daga baya ya ce shi dai yana jin ƙara amma maganar mutane duk ta cakuɗe masa. Nan take sai a yanke hukunci, ai jabun na'ura aka saka musu, ko likitan ne ya ci kuɗinsu.

Dalilan da ke sa dashe ya ƙi bada abin da ake so suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da ba a cika ambata ba, wato wayar da aka zura cikin kunnen ba ta zauna inda ya kamata ba. To ta yaya ake gane hakan, tunda wurin yana can cikin ƙashin kai, likitan ma da ya zura ta ba ya ganin inda bakinta ya tsaya? Kuma da gaske ne wutar da ke cikin na'urar kaɗai ta isa ta tona asirin ba sai an ɗauki hoto ba?

Me ake dasawa, kuma a ina

Da farko wannan ba na'urar ƙara sauti ba ce irin wadda tsofaffi ke maƙalawa a kunne. Waccan ƙara ƙarfin sauti kawai take yi. Ita kuwa ta dashe tsallake ɓangaren kunnen da ya mutu take yi, ta mayar da sauti ƴar ƙaramar wutar lantarki ta aika wa jijiyar ji kai tsaye. Kashi biyu ce, na waje mai makirfo da batir, da na ciki da ake binnewa ƙarƙashin fatar kai, wanda wata siririyar waya mai laushi ke fita daga jikinsa ta shiga katantanwar kunne.

Ita katantanwar nan bututu ne a naɗe cikin ƙashi, zagaye biyu da rabi da ɗan ɗoriya, in da za a miƙe shi tsawonsa wajen milimita 35 ne, a naɗe kuwa faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba. Ciki cike yake da ruwa kuma an raba shi hawa uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, hawan ƙasa shi ne gidan wayar. Abin da ya sa zaman wayar ke da muhimmanci shi ne kowane wuri a bututun da irin sautin da yake ji. Bakin ƙofa na siririn sauti ne, can ƙurya kuma na sauti mai kauri. A jikin wayar akwai ƙananan ƙarafa a jere da ake ce wa ilektrod, kowanne an ba shi nasa rabon sautin gwargwadon inda ake zaton zai zauna. Na kamfanin Cochlear na Ostireliya guda 22 ne, Advanced Bionics na Amurka 16, MED-EL na Ostiriya tashoshi 12.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1957 Djourno da Eyriès suka gwada taɓa jijiyar ji da wuta a Faris, William House ya yi nasa a Amurka a 1961, su Ingeborg da Erwin Hochmair suka ƙera mai tashoshi da yawa da aka dasa a Biyana ta Ostiriya a 1977, Graeme Clark kuma ya dasa tasa a Melbon ta Ostireliya a 1978. Abin da ya zo daga baya shi ne koya wa na'urar ta riƙa auna kanta tana maido da rahoto waje.

Hanyoyin da wayar ke ɓata

Wanda ya taɓa zura zariya a wando ya san yanayin, kana turawa ba ka ganin ciki, hannu kawai ke gaya maka, wani lokaci kana jin tana tafiya lafiya ashe bakinta ya lanƙwashe ya juyo baya. Haka wayar nan take yi, sai dai ita ko jin ma da ƙyar ne saboda tsabar laushinta. Wannan lanƙwashewar baki ita ce aka fi magana a kai. Ba ta da yawa, kashi kaɗan ne cikin ɗari, amma an fi samunta a irin wayoyin da aka ƙera su a naɗe tun daga masana'anta don su rungumi ginshiƙin tsakiyar katantanwa inda jijiyoyi suke, musamman sirara daga cikinsu. In aka sake su kafin lokaci ko aka fuskantar da su ba daidai ba sai su naɗe a kan kansu.

Akwai kuma wadda ba ta shige duka ba, ilektrod biyu ko uku na ƙarshe suka rage a waje cikin kunnen tsakiya, ko ta shige lafiya ranar tiyata amma bayan watanni ta riƙa zamewa tana fitowa a hankali. Akwai wadda ke huda siririn bangon da ke tsakani ta haura daga hawan ƙasa zuwa na sama, wannan kam takan tafi da ɗan sauran jin da mutum yake da shi. Sai mafi muni, wadda ba ta ma shiga katantanwar ba, ta kauce ta faɗa ɓangaren da ke kula da daidaiton tsayuwa, ko wani rami a ƙashi da ya yi kama da ƙofar, ko ta bi ramin da jijiya ke fita zuwa ƙwaƙwalwa a yaran da aka haifa da katantanwa mara cikakkiyar halitta.

Sakamakon a kunnen mai ita ya danganta. In baki ya lanƙwashe, ilektrod ɗin da aka ba sauti mai kauri sai ya koma zaune a gurbin wani sautin daban, biyu su riƙa taɓa jijiya ɗaya, sautuka su hau kan juna. Wasu jiri ke ɗibarsu da an kunna, wasu gefen fuska ko fatar ido ke motsi saboda wutar na zuba kan jijiyar fuska da ke wucewa a kusa. Babba zai faɗa. Yaro ɗan shekara ɗaya da bai taɓa jin sauti ba fa? Bai san yadda daidai take ba balle ya yi ƙorafi.

Awo biyu na farko, da yadda suke yaudara

Kusan duk inda ake wannan tiyata, kafin a ɗinke ana haɗa na'urar da kwamfuta a yi awo biyu. Na farko awon turjiya ne, ana tura ƴar wuta ta kowane ilektrod a ga irin wahalar da take sha kafin ta wuce. In turjiyar ta yi sama sosai, to ko waya ta tsinke a ciki ko ilektrod ɗin a iska yake, in ta yi ƙasa fiye da kima wataƙila biyu sun haɗe. Na biyu awon amsar jijiya ne, a tura wuta ta ilektrod ɗaya a saurara ta na kusa da shi ko jijiyar ta amsa. Cochlear na kiran nasu NRT, MED-EL ART, Advanced Bionics NRI, aikin dai ɗaya ne.

Nan ne iyaye da yawa ke samun kwanciyar hankalin da bai cika ba. Likita ya fito ya ce alhamdu lillahi duk ilektrod suna aiki kuma jijiya ta amsa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma wayar da bakinta ya lanƙwashe ai har yanzu cikin ruwan katantanwa take, turjiyarta lafiya lau, kuma tana kusa da jijiya don haka jijiya za ta amsa. Shi ma ilektrod ɗin da ya rage a waje, lokacin tiyata kunnen tsakiya cike yake da jini da ruwan gishirin da ake wanke wurin da shi, waɗannan kuwa suna ɗaukar wuta, sai awo ya nuna kamar yana ciki. Ta ɗaya gefen kuma ɗan kumfan iska da ya maƙale a jikin ilektrod mai zaune daidai zai iya sa turjiya ta haura a tsorata a banza, bayan kwana biyu ya baje. An ma sha samun rahoton wayar da ta ɓace hanya gaba ɗaya amma aka ga abin da ya yi kama da amsar jijiya. Wato awon nan biyu suna gaya maka na'urar na da rai, kuma akwai jijiya a kusa, amma fasalin kwanciyar wayar ba aikinsu ba ne.

Teburin da ke nuna kwanciyar waya

Dabarar da ta canza lissafi mai sauƙi ce in ka bi ta a hankali. Maimakon a tambayi kowane ilektrod shi kaɗai, sai a kunna ɗaya a auna ƙarfin wutar da ta isa ga duk sauran. Ruwan katantanwa na ɗaukar wuta, don haka na kusa zai ji ta da ƙarfi, na nesa ya ji kaɗan, tana raguwa daki-daki. A kashe wannan a kunna na gaba, a sake aunawa, har a zagaye su duka.

Mu ɗauki ta Cochlear mai 22, inda lamba 22 ke can baki a ƙurya, lamba 1 kuma a ƙofa. Ana jera sakamakon a tebur, wato jadawali mai layi 22 sau 22, gida 484 ke nan, kwamfuta ta shafa wa kowane gida launi gwargwadon ƙarfin wutar. In waya ta kwanta daidai, za ka ga layi ɗaya mai haske ya ratsa teburin daga kusurwa zuwa kusurwa, launin na dusashewa a hankali ta gefe biyu. Ka kunna 22, lamba 21 ya fi kowa ji, sai 20, sai 19, haka har ƙofa babu gargada.

Yanzu a ce wayar ta lanƙwashe a daidai lamba 18. Lamba 19 ya dawo ya kwanta gefen 17, lamba 20 gefen 16, 21 gefen 15, shi kuma 22 da ya kamata ya fi kowa nisa yana nan kafaɗa da kafaɗa da 14. Ka kunna 22, wuta ta ragu a 21, 20, 19, ta kai ƙasa a wajen 18, sai kuma maimakon ta ci gaba da sauka ta sake tashi, ta yi tudu na biyu a kan 14. A lissafi ba yadda za a yi 14 ya fi 18 jin wutar 22 sai in a zahiri ya fi shi kusa. A jikin teburin sai wani gajeren layi ya bayyana ya gicciye na farkon a kusurwar baki, kuma inda suka haɗu nan ne daidai wurin lanƙwasar. Wanda ya saba kallo ɗaya zai yi ya gane, yanzu ma manhajar da kanta take lissafawa ta ce akwai matsala ko babu.

Cochlear na kiran wannan awo TIM, Advanced Bionics na ce masa EFI, MED-EL ma na fitar da irin teburin daga nasu awon turjiyar. Cochlear har sun saka shi cikin wani tsari mai suna SmartNav da ake riƙewa a iPad cikin ɗakin tiyata. Kafin teburin ya yaɗu akwai wata hanya mai kama da shi da ke bin yadda amsar jijiya ke bazuwa, ita ma tudu biyu take nunawa in an samu lanƙwasa, sai dai ta fi cin lokaci kuma dole sai jijiyar na amsawa da kyau. Shi teburin bai damu da jijiya ba sam, wuta da ruwa kawai yake aunawa, cikin ƴan mintuna an gama.

Ilektrod ɗin da suka rage a waje su ma suna da tasu alamar. Cikin bututun ƙashi wuta a matse take, a waje kuwa watsewa take yi, don haka a ɓangaren ƙofa sai ka ga launin ya faɗi kwatsam maimakon ya sauka a hankali. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun gwada wannan a kunnuwan gawa, suka wallafa a 2020, inda da gangan suka bar wasu ilektrod a waje, kuma teburin ya nuna su har a yanayin da awon turjiya na yau da kullum ke cewa komai lafiya.

Sauraron kunne ana cikin zurawa

Akwai wani awon daban da ake yi wayar na cikin tafiya. Ana saka sauti a kunnen, sai ilektrod na baki ya riƙa ɗauko ƴar wutar da ragowar ƙwayoyin ji masu rai ke fitarwa. In ta faɗi farat ɗaya, alama ce wayar ta taɓa ko tana shirin huda bangon nan da ke tsakanin hawan ƙasa da na sama, sai likita ya dakata ya ɗan ja baya. Amfaninsa ga mai sauran ji ne, amma wanda kunnensa ya mutu murus babu abin da za a saurara.

Masu cewa a bar hoto, da masu cewa a'a

A da hanyar tabbatarwa ɗaya ce, hoton eksire ko sitiskan (CT scan). Matsalar ita ce a wurare da yawa sai bayan an ɗinke, wani lokaci washegari, ake ɗaukar hoton, in an ga matsala sai dai a sake sa wa yaro maganin barci a sake buɗewa. Ɗauka cikin ɗakin tiyata kuma na buƙatar injin da ake turowa da mai sarrafa shi, ga ƙarin lokacin da yaro zai yi a sume, ga hasken eksire da ba a son yawan haska ƙananan yara da shi, kuma hoton kansa in kai bai karkata daidai ba karanta shi aiki ne.

Shi ya sa wasu likitocin ke cewa in tebur ya fito tsaf kuma katantanwar mai lafiyar halitta ce, hoto ɓata lokaci ne. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa a yi hattara. Teburin ya ƙware ne a kan lanƙwasar baki, amma haurawa daga hawan ƙasa zuwa na sama ba ta fitowa ƙarara haka, har yanzu sitiskan ne ke raba gardama a nan. Wayar da ta miƙe sambal cikin ramin da ba nata ba ma za ta iya bada tebur mai kama da na lafiya tunda jerin bai rikice ba. Kuma yakan yi ƙarar ƙarya, ya ce akwai lanƙwasa a ɗauki hoto a ga babu.

Ni dai a ganina gardamar wanne zai kori wanne ba ta da wani amfani. Darajar awon wuta ita ce lokacin da yake zuwa, rauni na buɗe, likita na tsaye, in an ga giciye a tebur sai a zaro wayar a sake zurawa nan take. Wannan kaɗai ya isa a ce kowace tiyata a yi shi. Amma asibitin da ke da halin ɗaukar hoto ya bari don kawai manhaja ta nuna komai lafiya, musamman a kunnen da dama an san ba daidai yake ba, wannan ganganci ne.

Inda abin ya taɓo mu: sanƙarau

A arewacin Najeriya da Nijar muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin zafi, kuma yana cikin cututtukan da ke kurmantar da yaro bayan ya warke. Abin da mutane ba su sani ba shi ne bayan sanƙarau gurbin ruwan katantanwa na iya fara cikewa da tabo sannan ya zama ƙashi, wani lokaci cikin makonni ko ƴan watanni, kuma yakan fara ne daga hawan ƙasa kusa da ƙofa, daidai inda waya za ta bi. Irin wannan kunnen shi ne wayar ke cijewa a rabin hanya ta bar ilektrod a waje, ko likita ya fasa ƙashi ya nemi hanya, ko ma da gangan ya bi ta hawan sama. Kuma shi ne kunnen da awon wuta ya fi wuyar karantawa, don ƙashi da tabo suna canza yadda wutar ke bazuwa. Don haka yaron da ya tashi daga sanƙarau aka lura ba ya waigowa in an kira shi, a kai shi gwajin ji da wuri, ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko sashen kunne na asibitin koyarwa mafi kusa. Jiran a ga ko zai dawo da kansa na iya rufe ƙofar gaba ɗaya.

In an gano, sai me? Kuma me iyali za su tambaya

In a ɗakin tiyata ne, gyara nan take, wani lokaci da sabuwar na'ura ta ajiya in wayar farko ta lalace. In bayan an warke ne, zaɓi biyu ne. Lanƙwasa ƙarama da ta shafi ilektrod biyu ko uku, mai saita na'urar zai iya kashe su a kwamfuta ya raba sautin ga sauran, mutane da yawa suna jin magana da kyau a haka. Haka ma waɗanda suka zame waje. In kuwa ta yi yawa, ko ga jiri ga motsin fuska, ko wayar ba ta cikin katantanwa, sai an koma tiyata. Ga yaro lokaci ne babban abin, shekaru uku na farko zuwa uku da rabi su ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar sauti ta gina harshe, wata shida da aka yi ana cewa a ƙara haƙuri ba ƙaramar asara ba ce.

Masu zuwa Indiya ko Masar ko Turkiyya sukan dawo gida makonni kaɗan bayan an kunna, daga nan kuma likitan da ya yi aikin sai ta wayar tarho. Kafin ku baro can ku tambaya kai tsaye, an yi awon da ke nuna kwanciyar waya ko turjiya da amsar jijiya kawai aka duba? An ɗauki hoto bayan zurawa? Ilektrod nawa suka shiga, nawa aka kashe, saboda me? Ku karɓi kwafin hoton da rahoton tiyatar da na awon, don duk wanda zai duba yaron nan gaba da su zai kwatanta ya gane ko wayar ta motsa. Sannan tun kafin a zaɓi kamfani a bincika ko akwai mai kayan saita irin wannan na'urar a kusa da ku, domin manhajar wani kamfani ba ta karanta na'urar wani. Shi awon teburin ana iya maimaita shi a ofis yaro na zaune yana wasa, ba allura ba barci.

Kuma in aka auna aka ga waya na nan daram, to sai a duba sauran wuraren: awa nawa yaron ke sanye da na'urar a rana, ana zuwa saiti a kan lokaci, akwai mai koya masa magana, a wane shekaru aka yi dashen, ita jijiyar kanta lafiyarta ƙalau? Mafi yawan yaran da maganarsu ta yi jinkiri a cikin waɗannan ake samun dalilin, kuma na'urorin yanzu suna ajiye lissafin awannin da aka sa su, mai saiti na buɗe kwamfuta zai gani.